Neman shawara: agogon GPS zan saya ko mai auna bugun zuciya?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Na fi wata shida a cikin wannan zaure ina karanta abin da kuke tattaunawa, ban taɓa tofa albarkacin bakina ba. Yau dai ga ni da tawa matsalar, kuma ina roƙon waɗanda suka riga mu shiga harkar gudu su taimaka.

Shekarata 44, malamin makaranta ne ni a Kano. Wata takwas da suka wuce ciwon kai ya matsa mini, na je asibiti aka auna aka ce jinina ya hau. Likita ya ɗora ni a kan magani, ya ce in rage gishiri, in kuma riƙa motsa jiki. Da tafiya na fara, daga baya na koma sassarfa. Yanzu sau huɗu a mako, da an sallame sallar Asuba sai in ɗaura takalmi in hau titin BUK, daga wajen Ƙofar Famfo in miƙe Kabuga in juyo. Alhamdulillahi tumbi ya ragu, barci ya gyaru, kuma abin ya shiga raina yadda ban zata ba.

Da wayata nake auna nisa, ina riƙe da ita a hannu da manhajar Strava a kunne. Mako uku da suka wuce, a kan idona, wasu samari a cikin adaidaita suka tare wani bawan Allah da ke gabana suka karɓe wayarsa, gari bai gama wayewa ba. Tun ranar nake barin tawa a gida. To amma yanzu gudu nake a makance, ban san kilomita nawa na yi ba, ban san ko gaba nake ci ko baya ba.

Sai na shiga kasuwar waya na sayi wani agogo naira dubu 18. Mai shagon ya ce yana da GPS, yana auna bugun zuciya, yana auna hawan jini, har da sikari. Da na fita da shi babu waya, taku kawai ya ƙirga mini, babu taswira, nisan da ya ba ni kuma ya sha bamban da wanda na saba gani a wannan hanya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ina cikin gudu sai in ga 175, wani lokaci 178. Mai hawan jini ya ga wannan, ai dole gabansa ya faɗi. Sau biyu ina tsayawa in zauna a bakin hanya. Shekaranjiya da dare kuma ɗana ya ɗaura agogon a jikin gorar ruwa, sai ga shi ya nuna bugu 76, da hawan jini 120 bisa 80.

Burina in yi tseren kilomita 10 na gasar Legas a watan Fabrairu, in Allah ya kai mu. Na kwashi adashi, na ware naira dubu 250, ba zan iya wuce haka ba. Ga mutum irina, wanne ya fi muhimmanci, agogon da ke auna nisa da tauraron ɗan'adam, ko wanda ke auna zuciya da gaske? Ko akwai wanda ya haɗa biyun a wannan kuɗin? Wayata Android ce, wuta kuma a unguwarmu sai ta kwana biyu ba a kawo ba, don haka abin da sai an yi cajinsa kullum ba zai yi mini ba. Allah ya saka da alheri.

Mai Gyaran Waya:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara lafiya, ya mayar da alheri. Irin wannan agogon ana kawo mini shi shago, na buɗe su da hannuna. Fitilar da ke bayansa tana walƙiya ne kawai, a wasu babu ma abin da ke karanta hasken idan ya dawo. Lambobi aka zuba masa a ciki yana jefo maka su, shi ya sa gora ma ta samu bugun zuciya. Kada ka sake gina komai a kan abin da ya nuna maka.

Batun GPS kuma, nan ake yawan rufe mutane. Iri biyu ne. Akwai agogon da GPS ɗin yana cikinsa, akwai wanda aro yake daga waya ta Bluetooth. Na biyun ma a jikin kwalinsa za ka ga an rubuta GPS, amma da ka bar waya a gida ya zama makaho, sai ya ƙirga taku ya yi maka kirdadon nisa. Yawancin 'yan siraran nan masu kama da awarwaro haka suke. Kai da kake son barin waya a gida, na farkon kake nema.

Tsohon Soja:

Malam, ni fa ina ganin ka riƙe kuɗinka. Shekara 31 na yi a bakin aiki, mun yi gudun safe da but a ƙafa, babu mai agogo a cikinmu sai wanda ke jan layi, shi ma na duba lokaci ne. Jikinka ya fi kowace na'ura sanin halin da yake ciki. Idan kana gudu kana iya magana da na kusa da kai, lafiya kake. Idan magana ta gagara sai haki, ka rage. Nisa kuwa, ka samu mai babur ya auna maka hanyar da mitar babur ɗinsa sau ɗaya, shi ke nan ka sani har abada. Wannan dubu 250 ɗin ka sayi takalmi mai kyau, sauran ka saya wa iyali abinci.

Anti Nas:

Baba ya faɗi gaskiya a kan gwajin magana, mu ma shi muke koya wa marasa lafiya. Amma Malam, kafin a kai ga wane agogo, wane magani likita ya ba ka? Ba don bin ƙwaƙƙwafi na tambaya ba. Akwai magungunan hawan jini irin su atenolol da propranolol da ke rage bugun zuciya da gangan. Mai shan su zai iya yin gudu har ya galabaita agogo yana nuna 120, idan kuma ya nace sai ya kai lambar da manhaja ta ce, zai wahalar da kansa a banza, ko ma ya cutu.

Sannan don Allah ka cire rai da auna hawan jini a agogon kasuwa. Ma'aunin damtse da ake hura wa iska shi ne abin dogaro, ka ajiye ɗaya a gida. Na sikari kuwa ya fi muni. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a cewa kada su dogara da agogo ko zoben da ke iƙirarin auna sikari ba tare da huda fata ba, don ba ta amince da ko ɗaya ba. Ina jin tsoron ranar da mai ciwon sikari zai rage allurarsa saboda abin da agogon dubu 18 ya nuna masa.

Mai tambaya:

Na gode Baba, na gode Anti. Amlodipine ne, ƙwaya ɗaya da safe. Ma'aunin damtse ina da shi, da shi nake aunawa.

Anti Nas:

To madalla, wannan ba ya cikin masu danne bugun zuciya irin waɗancan. Duk da haka ranar da za ka koma asibiti ka gaya wa likitanka cewa ka wuce tafiya ka koma gudu, kuma kana shirin tseren kilomita 10. Shi ya san tarihinka, wataƙila ya so a yi maka gwajin zuciya tukuna. Idan kuma ka taɓa jin ƙirji ya ɗaure, ko zafi yana gangarawa hannun hagu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko zuciya na harbawa ba bisa tsari ba, ka tsaya nan take ka nemi asibiti, ko da agogo yana nuna maka lamba mai kyau.

Ga kuma abin da ba ya buƙatar sisi. Da ka tsaya, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, ka ƙirga harbawar na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Ka yi shi da sauri, don bugun yana sauka da zarar ka daina gudu. Da wannan za ka gwada duk agogon da aka kawo maka.

Koci daga Jos:

Malam sannu da ƙoƙari. Mutum ya fara daga tafiya, cikin wata takwas yana hararar kilomita 10, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amsar tambayarka a taƙaice: ba sai ka zaɓi ɗaya ba. Shekarun baya ne ake sayar da su daban, yanzu kusan duk agogon gudu na gaskiya yana da GPS a cikinsa da ma'aunin zuciya a bayansa. Abin da ya kamata ka sani shi ne kowanne me yake gaya maka. GPS yana gaya maka abin da ka yi, wato nisa da sauri. Bugun zuciya yana gaya maka nawa jikinka ya biya kafin ka yi shi. Yarana a nan, wanda ya yi kilomita biyar a minti 30 da bugu 165 a watan jiya, ya dawo ya yi ta a minti 30 ɗin da bugu 150 a wannan watan, ni a wurina ya ci gaba sosai, ko da lokacinsa bai motsa ba.

Baba, da girmamawa, a nan nake ɗan saɓa maka. Ku kun yi gudu a cikin layi, akwai mai ja muku, akwai waƙa da ke daidaita taku. Malam shi kaɗai yake fita da duhu. Kuskuren da nake gani wurin kusan duk sabon mai gudu shi ne yana sauri fiye da kima a ranakun da ya kamata ya tafi a hankali, kuma bai san yana yi ba. Sai ka tambaye shi ya ce ai sassarfa yake, alhali haki yake kamar an biyo shi. Daga nan ne ciwon gwiwa da na ƙwauri ke shigowa, wata uku ya ajiye takalmi. Agogo mai kyau amfaninsa na farko shi ne ya ja wa mutum birki.

Yadda GPS ke aiki, don ka san abin da za ka zarga idan ya yi kuskure. Taurarin ɗan'adam na Amurka ne, suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana turo saƙon inda yake da kuma lokaci. Agogo saurare kawai yake, idan ya ji aƙalla huɗu sai ya lissafa inda kake. Ba ya cin data, ba ya buƙatar layin waya, ko a dajin da babu sabis zai yi aiki. Rasha na da nata, GLONASS, Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou, kuma agogunan yanzu suna haɗa biyu ko fiye. Abin da ke ruɗa shi shi ne duk abin da ya kare sama ko ya sa saƙon ya bugi bango kafin ya iso, kamar dogayen gine-gine, ƙarƙashin gada, da inuwar bishiyoyi masu duhu. Idan da a lungunan cikin birni kake gudu, ko tsakanin benayen Kantin Kwari, da na ce ka nemi mai kama zango biyu na sigina. Amma titin BUK a buɗe yake, sama fayau, ƙaramin agogo ma zai ba ka daidai.

Waɗanda na sani a hannu: Garmin Forerunner 55, ya fito a 2021 a kan dala 200. Batirinsa yana kai awa 20 idan GPS na kunne, kusan mako biyu idan agogo kawai yake. Kai da kake gudun da bai wuce awa uku ko huɗu a mako ba, caji ɗaya zai kai ka mako guda har da ɗoriya, kuma ƙaramin fawa-banki ya ishe shi. Madannai biyar gare shi, ba a shafa fuskarsa, wannan kuma alheri ne ga hannun da ya jiƙe da gumi. Sai Coros Pace 3 na 2023, dala 229, nauyinsa giram 30 da maɗaurin yadi, awa 38 da GPS, yana kuma kama zango biyun nan. Forerunner 165 na 2024 dala 250 ne, fuskarsa mai haske irin ta waya. Ka lissafa da canjin yau za ka ga sabo zai ɗan fi ƙarfin abin da ka ware, amma na hannu mai tsabta zai shiga.

Abu ɗaya da zan gaya maka tun yanzu don kada ranka ya ɓaci a Legas: a ranar tsere agogonka zai iya nuna 10.1 ko 10.2 a bakin layin ƙarshe. Ba cutar ku aka yi ba. Hanyar tsere da keke ake auna ta, a bi mafi gajartar layi ta kowace kwana, ku kuwa kuna kauce wa juna, kuna ratsewa wurin ɗaukar ruwa.

Ɗan Zariya:

Ni Pace 3 nake sawa shekara guda ke nan, har mantawa nake yana hannuna. Eliud Kipchoge, shahararren ɗan tseren dogon zango na Kenya, ma Coros ya ɗaura, tun 2020 suka ƙulla da shi. In ka samu ka ɗauka, ba za ka yi nadama ba.

Koci daga Jos:

Agogo ne mai kyau, ban musa ba. Amma Kipchoge ya yi gudun kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana ta ƙasar Ostiriya tun 2019, kafin wannan yarjejeniyar. Mu bar sunan manya, mu duba hanyar Malam da aljihunsa.

Injiniya:

Bari in ɗan tsaya a kan ɓangaren zuciya, don ko agogo na gaske yana da inda yake tuntuɓe, gara Malam ya sani kafin ya sake tsorata.

Koren hasken da ke bayan agogo yana shiga fata. Jini yana shanye koren haske, don haka duk lokacin da zuciya ta harba jini ya cika 'yan jijiyoyin wurin, hasken da ke dawowa sai ya ragu, tsakanin harbi da harbi kuma ya ƙaru. Wannan hawa da saukar agogo ke ƙirgawa. A zaune abin yana tafiya lafiya lau. A guje kuwa hannu yana lilo, agogon yana motsi a kan fata da kowane taku, hasken waje yana kutsowa. Sai wani lokaci ya rikice ya koma ƙirga taku a maimakon zuciya. Takun mai gudu yawanci tsakanin 160 ne da 180 a minti, ka ga lambar ta yi kama da ta zuciyar da ke cikin wahala. Ya taɓa faruwa da ni a wata safiya ta hunturu, ina gudu a hankali ina hira da abokina, agogo ya tashi daga 138 ya dire a 174 cikin ƙiftawar ido, ya kafe a nan. Zuciya ba ta irin wannan tsallen, a hankali take hawa. Da na tsaya na matse maɗauri na tura agogon sama, sai ya dawo daidai.

Don haka wurin ɗaurawa yana da muhimmanci. Ka bar faɗin yatsa ɗaya ko biyu sama da ƙashin wuyan hannu, ka matse yadda ba zai zame ba amma kada ya hana jini gudu. Da sanyin Asuba na Disamba da Janairu jini yana janyewa daga fata, karatun ya fi yin kuskure a mintunan farko, sai jiki ya ɗumama.

Za ka ji ana cewa ba ya aiki a baƙar fata. Dalilin maganar shi ne launin fatarmu ma yana shan koren haske. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Duke ta Amurka a 2020 da mutum 53 bai ga wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin launukan fata ba, abin da ya gani shi ne kuskure yana ƙaruwa idan ana motsi. Wasu masanan sun ce mutanen da aka gwada sun yi kaɗan, musamman masu duhun fata sosai. Ni dai baƙi ne wuluk, kuma a gudun sannu nawa yana tafiya kusa da na ƙirji, sai a gudun tsalle-tsalle na sauri yake makara.

Wanda yake son lamba ta haƙiƙa, ɗamarar ƙirji ce. Ita ba haske take amfani da shi ba, lantarkin da zuciya ke fitarwa take ji, kamar gwajin asibiti. Kamfanin Polar na ƙasar Finlan ne ya fara fito da irinta marar igiya a 1982, kuma ɗamararsu H10 har yau da ita ake gwada sauran. Tana haɗuwa da Garmin da Coros duka, batirinta ɗan faifan nan ne irin na makullin mota. A hunturu sai ka shafa mata ruwa kafin ka ɗaura, don busasshiyar fata ba ta kai saƙo. Amma Malam, ban ce ka saya yanzu ba. Ka fara da agogo, ka gwada shi da yatsu kamar yadda Anti ta ce. In ya yi daidai, ka huta.

Sai lissafin nan da ake kimanta iyakar bugun zuciyar mutum da shi, wato 220 a cire shekarunsa. Naka zai ba da 176 a matsayin ƙololuwa, amma kirdado ne na jimlar jama'a, mutum ɗaya zai iya saɓa masa da bugu 10 ko fiye, sama ko ƙasa. Ka ɗauke shi mafari kawai. Ka yi gudun da kake iya karanta Fatiha a bayyane ba tare da numfashi ya yanke ba, ka duba abin da agogo ya nuna a lokacin. Wannan lambar ita ce taka ta gudun sannu.

Hajiya Mai Gudun Safe:

Malam ina taya ka murna, Allah ya ƙara lafiya. Ni abin da maza ba su faɗa ba zan faɗa. Agogon nan duk inda ka bi yana zanawa, idan ya haɗu da waya sai ya tura taswirar Strava. In ba ka gyara saiti ba, kowa zai ga ƙofar gidan da ka fito, da ƙarfe nawa kake fita, da ranakun da kake fita. Ni sai da wani da ban sani ba ya yi mini sharhi a ƙarƙashin gudu yana ambaton sunan layinmu, sannan hankalina ya dawo jikina. Ranar ban iya barci ba. A farkon 2018 ma ai ta haka aka gano zanen sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afganistan, daga taswirar gudun da sojojin ke yi.

A cikin manhajar akwai inda za ka ɓoye farkon hanya da ƙarshenta, akwai kuma inda za ka mayar da komai sai wanda ka amince da shi zai gani. Ka yi duka biyun tun ranar farko. Ni yanzu sai na kai bakin titi nake danna farawa. Kuma a halin da ake ciki, baƙin agogo marar ƙyalli ya fi, ka ja hannun riga ka rufe shi.

Batun alwala kuma, waɗannan da Koci ya lissafa ruwa ba ya yi musu komai, har iyo ake yi da su. Amma tunda a matse ake ɗaura su, ni cirewa nake don ruwa ya taɓa ko'ina, in wanke bayan agogon, in bar hannun ya bushe. Gumi da ƙura idan suka kwanta a ƙarƙashin roba suna kawo ƙaiƙayi.

Tsohon Soja:

Hajiya, wannan magana taki ta fi duk wadda aka yi nauyi. Mu a aiki abu na farko da ake koya mana shi ne kada a san lokacin fitarka da hanyarka. Malam ka riƙa sauya hanya ko da agogo ko babu.

Koci, na ji hujjarka, kuma na yarda mai gudu shi kaɗai yana buƙatar abin da zai tsawata masa. Abin da nake gudu shi ne wanda na gani wurin yaran yanzu, mutum yana tafe idonsa na kan hannu, har ya kusa faɗawa kwata. Ranar da batir ya mutu sai ya fasa fita. In za a saya a saya, amma takalmin nan ina nan a kan bakana.

Koci daga Jos:

Ranka ya daɗe, a kan takalmi babu jayayya. Malam, in na hannu ka samu, canjin da ya rage takalmi za ka saya da shi. Kuma ka tuna Legas ba Kano ba ce. Kai da busasshiyar iskar hunturu za ka yi atisaye, can kuwa zafi ne da laima, gumi ba ya bushewa, zuciya sai ta ƙara bugu a saurin da ka saba. A ranar ka bi zuciya a kilomita biyar na farko, kada ka bi saurin jama'a. In ka ga da sauran ƙarfi, sai ka buɗe wuta har Eko Atlantic, inda ake ƙare tseren.

Mai Gyaran Waya:

Tunda magana ta koma na hannu, ga yadda za ka yi kada a sake. Kada ka biya a cikin shago. Ka fito da agogon waje inda sama take a buɗe, wayarka a kashe, ka shiga wurin gudu ka jira ya kama tauraro. Wanda ya daɗe a ajiye zai iya ɗaukar 'yan mintuna a karon farko, wannan ba laifi ba ne, amma dole ya kama. Ka taka mita ɗari biyu ka ga nisan yana motsi. Sannan ka haɗa shi da manhajar kamfanin ta asali a wayarka, Garmin Connect ko ta Coros. Jabu ba ya shiga can, wata manhaja daban zai ce ka sauke.

Ka juya bayansa ka haska da tocila, in gilashin fitilar ya tsage ka ajiye, gumi zai shiga. Ka duba 'yan ƙarafan wurin caji ko sun yi tsatsa. Ka danna kowane madanni. Batir ne kaɗai ba a ganewa a tsaye, don haka ka yi sharaɗi da mai kayan a gaban shaida cewa kana da kwana uku, ka cika shi, ka kunna GPS awa ɗaya ka ga nawa ya sha. Mai awa 20 bai kamata ya sha fiye da kashi shida ko bakwai cikin ɗari ba in batirin na da lafiya. Igiyar caji kuma tasu ce ta daban, ba irin ta waya ba, ka tabbatar an haɗa maka. Ta Garmin ta fi sauƙin samu don agogunansu da yawa iri ɗaya suke amfani da ita. Apple Watch kada ka kula, sai da iPhone yake aiki, kuma cajin kullum ne.

In ka shirya ka yi mini magana ta gefe, Asabar ba na buɗe shago da wuri, sai in raka ka.

Mai tambaya:

'Yan'uwa assalamu alaikum, na dawo da bayani bayan kwana goma. Allah ya saka wa kowa da alheri, musamman ɗan'uwa Mai Gyaran Waya da ya bar aikinsa ya raka ni. Mun samu Forerunner 55 na hannu, baƙi, da igiyarsa. Mun yi duk gwajin da ya faɗa a bakin titi, batir kuma ya sha kashi shida a awa ɗaya. Da canjin na sayi takalmi, Baba na cika umarni.

Na je filin wasa na zagaya layin ciki sau biyar, wanda ya kamata ya zama kilomita biyu, ya ba ni 2.02. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne zuciya. A saurin da na saba ɗauka a matsayin sassarfa, 160 nake kaiwa, na tsaya na ƙirga da yatsu na samu 39 a daƙiƙa 15, wato 156. Na gwada karanta Fatiha a wannan saurin, ban kai rabi ba numfashi ya yanke. Sai da na rage sosai, har wani dattijo mai keke ya wuce ni, sannan na iya karanta ta har ƙarshe, agogo yana nuna 136. A haka na yi kilomita bakwai jiya, kuma karon farko ke nan da na dawo gida na shiga aji ban ji ƙafafuna sun yi nauyi ba.

Hajiya, na ɓoye farko da ƙarshen hanya, na kuma rufe shafin. Anti, ranar Talata nake da ganin likita, zan tafi da wayar in nuna masa abin da agogon ya tara. Koci, saura mako 14 a yi tseren. Don Allah a cikin kwana huɗun nan da nake fita, nawa zan yi a 136 ɗin, kuma wace rana zan fara ƙara nisa?